Yaron Da Ba A Ƙirga Ba

Lokaci lokaci Gwamnati takan aiki ma'aikatanta su bi gida gida, su yi sallama da maigida, su tambaye shi yawan yaran da ke gidansa da shekarunsu, da wanda ke zuwa makaranta da wanda ba ya zuwa, da wanda ya fara ya bari da dalilin barinsa, da kuma wanda ke koyon sana'a. Mutane da yawa sun ɗauki wannan aiki bin diddigi ne kawai da ɓarnar takarda. Mu kuwa a ganinmu yana cikin manyan ayyukan da sha'anin ilmi ya dogara a kansu, musamman ma a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Dalili kuwa shi ne, ƙidayar da a ke yi wa makarantu kowace shekara daga rajista a ke ɗauko ta, rajista kuwa ba ta san kowa ba sai wanda ya shigo aji. Yarinyar da ke talla a tasha, da yaron da ke bin shanu, da wanda aka cire daga aji huɗu don babu kuɗin littafi, duk babu sunansu a ciki. Wanda ya ke son labarinsu sai ya je ƙofar gidansu. Saboda haka ne Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi binciken ilmi gida gida a 2004 da 2010 da 2015, inda aka tambayi iyaye abin da su ke kashewa, aka kuma miƙa wa yara kati su karanta, aka ba su ɗan lissafi su yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ita ma, da taimakon UNICEF, tana da nata binciken a kan halin mata da yara, wanda aka fara a 1995, aka kuma yi wani zagayensa a 2021. Ba kowane gida a ke shiga ba. Akan zaɓi waɗansu unguwanni da ƙauyuka, a cikinsu kuma a zaɓi waɗansu gidaje ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda uwargida kan ɗanɗana cokali guda ta san gishirin tukunya. Amma fa sai an motsa miyar tukuna, in ba haka ba cokalin ya yi mata ƙarya.

Ƙasar nan ta riga ta ga abin da rashin sanin yawan yara ke jawowa. Sa'ad da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, an yi tanadin yara wajen miliyan 2 da dubu 300 ne a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa, aka koma gindin itatuwa, aka ɗauki waɗanda ba su sami horo ba aka ba su alli. A zamaninmu kuma an daɗe ana ambaton yara miliyan 10 da rabi da ba su zuwa makaranta a Nijeriya, sai a 2022 UNESCO ta ce sun kai wajen miliyan 20, domin ita ta haɗa har da matasa masu shekara 18. Duk wannan kuwa ƙiyasi ne, gama tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a ba, wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023 an ɗaga ta. Jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yau ya isa aure.

To, in haka ya ke ga ƙasa baki ɗaya, ina ga waɗannan ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina, waɗanda mutanensu suka wuce rabin miliyan tun a ƙidayar 2006? Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa tana iyaka da ƙasar Birnin Gwari, kuma kowa ya san abin da ya fito musu daga dazuzzukan nan. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara da dare suka kora ɗalibai cikin daji, sai ran 17 ga watan aka sako 344. Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka rufe makarantun kwana na Jihar a lokacin. A watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, sai daga baya aka mayar. Cikin shekarun nan ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka koma cikin garin Faskari da Ƙanƙara da Funtuwa, suna raɓe a gidajen dangi.

A nan haɗarin ya ke. Idan ƙuri'a ta faɗa kan ƙauyen da ba ya shiguwa, aka musanya shi da wani na bakin titi, to an ɗebi miya daga sama ke nan. Yaran da suka fi kowa rasa makaranta su ne za su ɓace daga lissafi, rahoto ya fito da kyau, alhali ƙasa ba haka ta ke ba. Bugu da ƙari, galibin irin wannan bincike adadin Jiha guda ya ke bayarwa, watau a haɗa yaron Sabuwa da na birnin Katsina a raba biyu. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba za a gina masa aji ba, ba za a ɗaukar masa malami ba, ko da ya ke dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ba shi haƙƙin karatun shekara 9 kyauta.

Ba mu ga laifin talaka ba in ya tsargu da mai takarda. A zamanin En'e, in malamin haraji ya zauna a zauren dagaci yana rubuta sunaye, abin da ke biyo baya haraji ne da jangali, kuma iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su makarantar boko. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, sa'ad da Katsina ke cikin Jihar Kaduna, amma tsoron bai bi su ya tafi ba. Yanzu kuma ga wani sabo ya hau kansa: a ƙasar da aka sha wuyar masu kai wa ɓarayi rahoto, baƙon da ya zo yana tambayar yawan 'ya'yan mutum da abin da ya mallaka, dole a dube shi sau biyu.

Maganin wannan yana hannunku, ku akawunan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e, da ku malaman makaranta, domin ku a kan nema a yi wannan aiki, ku jama'a suka sani. Kada mai bincike ya shiga gari sai hakimi ya sani, dagaci ya sani, liman ya faɗa a masallaci, mai unguwa kuma ya raka shi ƙofar gida. A bayyana wa maigida cewa sunansa ba zai fita a rahoto ba, kuma ba rabon kaya aka zo yi ba, don kada ya rage 'ya'yansa saboda tsoro ko ya ƙara saboda kwaɗayi. A sa mata cikin aikin, gama namiji iyakarsa zaure, labarin 'yan mata kuwa yana cikin gida. Mai tambaya ya tuna uwa tana kunyar ambaton ɗan fari, ya bi da ita ta hanyar da ta dace. Ya tambayi yaran da aka tura almajiranci, da 'yan gudun hijiran da aka saukar a gidan, kada su faɗi tsakanin gida biyu. Wanda ke karatun allo a rubuta yana karatun allo, wanda ke wurin tela ko kafinta ko makaniki a rubuta yana koyon sana'a.

Abin da mu ke gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne cika takarda a gindin bishiya. Ba mu ce kowa ya kai ransa inda zai halaka ba. Amma wanda bai isa wani ƙauye ba, ya rubuta bai isa ba, da dalilinsa. Gurbin da aka bari fili yana gaya wa Gwamnati akwai sauran aiki, adadin ƙarya kuwa yana gaya mata ta kwanta ta yi barci.

Ita kuma Gwamnati, ta Tarayya da ta Jiha, muna roƙonta abu uku. Ta bayyana a kowane rahoto wuraren da ba a shiga ba. Ta yi wa waɗannan ƙasashe uku bincike nasu na musamman, gunduma gunduma, har da inda mutanensu suka yi hijira. Sa'an nan ta mayar wa jama'a da sakamakon cikin Hausa, ta bi shi da aji da malami. Maigidan da aka tambaya sau uku bai ga ko benci guda ba, ran na huɗu cewa zai yi ba ya nan.

Iyaye kuma mu ce musu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku faɗi 'ya'yanku yadda Allah ya ba ku su, maza da mata, na gida da na tafiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane yaro ajinsa, amin.