Marubuta, Yaushe Za Mu Daina Ɗora Wa Kishiya Laifin Ƙwaya?

'Yan uwana marubuta, yau da ku nake. Ku ɗauko littattafan da muke fitarwa ku duba. In saurayi ya zautu a cikin labari, sai a ce kishiyar uwarsa ce ta yi masa sammu. In budurwa ta fita hayyacinta, sai a ce iska ne. A kai wa malami, a yi hayaƙi, labari ya ƙare. To wa muke ruɗa? Akwai sammun da ya fi na boka kusa da ɗakunanmu, a kwalba ake sayar da shi.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a 2017 mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ke shaye-shaye a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A 2018 ne BBC ta fallasa cinikin maganin tari mai kodin, har gwamnati ta haramta yin sa da shigo da shi. Tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Duk wannan ya wuce a kan idonmu, alƙalumanmu na can suna siffanta lefe da motar ango.

Wani zai ce marubuci ba likita ba ne. Haka ne. Amma in ka iya cika shafi uku da kwalliyar amarya, me zai hana ka bincika ka san cewa kodin da tiramol danginsu ɗaya da ofiyom? Suna rage numfashi, in an haɗa su da giya mutum na iya kwanciya barcin da ba tashi. Tiramol in ya yi yawa yakan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Sholisho na cin ƙwaƙwalwa, giya na cin hanta. Mu malamai mun san alamun a aji: yaro mai ƙoƙari ya koma gyangyaɗi, daga nan fashi, daga nan sai labari.

In ma mun kawo mashayi cikin labari, sai mu mai da shi abin dariya, ɗan talaka mai jajayen idanu da ke tangaɗi a tasha. Ina matar auren da ke ɓoye kwalba a ƙarƙashin gado? Ina mai kemis ɗin da ke sayarwa ba takardar likita? Ina ɗan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya ƙwaya lokacin kamfe, nasa 'ya'yan suna karatu a waje? Waɗannan muke tsoron taɓawa, shi ya sa muka laɓe bayan aljanu. An bar jaki ana dukan taiki.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Uwar da ta karanta cewa kowace hauka asiri ce, gidan mari za ta kai ɗanta a sa masa sarƙa, maimakon asibitin Dawanau ko na Kware, inda za a duba shi.

Ba wa'azi nake neman ku cusa cikin labari ba. Ku je ku ga masu jinya, ku tambayi likitoci, sannan ku rubuta mashayi a matsayin ɗan gida mai uwa da uba. Allah ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya, amin.