Filin Jirgin Kano: Don Wa Nasara Ya Share Shi?

Duk alhajin da ya taɓa tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zai iya ɗauka cewa don hidimar Musulmi aka share wannan fili. Ko alama!

Jiragen farko da suka sauka a Kano, a 1925, na mayaƙan saman Ingila ne, daga Masar suka taso. Da yaƙin Hitila ya yi tsanani a 1940, Italiya ta tare wa Ingila hanyar Bahar Rum, sai Nasara suka ɓullo ta bayan gida. A kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su biyo ta Ikko, su sha mai a Kano, su wuce Maiduguri, Injamena da Khartum, har Alƙahira. Jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Sojojin Amurka ma sun mori filin.

Talaka fa, me ya samu? An kwashi 'ya'yansa zuwa dazukan Bama. Daga 1942 kuma aka riƙa tisa ƙeyar manoman Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa suka hallaka da yawansu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Dalilin tono wannan tarihi shi ne maganar da wasu matasa ke yi cewa da Amurka za ta kafa sansani a Arewa, da an huta da 'yan bindiga. Ba a ga laifinsu ba. Wanda ya ga yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, ko manomin Faskari da Sabuwa da gonarsa ta gagare shi zuwa, ko takobi aka miƙo masa zai kama. Amma 'yan uwa su yi hattara: wanda ya share fili, buƙatarsa yake biya.

Ga Agadas nan a maƙwabta. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi, suka fara shawagi a 2019. Har sojojinta suka tattara komatsansu a Agustan 2024, jinin talakawan Tillaberi bai daina zuba ba.