Kiwon Lafiya: Karkarwar Hannu Iri-Iri Ce

A Sabon Wuse, hedkwatar ƙaramar hukumar Tafa da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, da sauran garuruwan ƙasar Suleja, idan magabata suka fara binciken asali kafin ɗaurin aure, dattijon da hannunsa ke karkarwa yakan zama abin ɓoyewa. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu kuwa su ce ciwon sukarin gidan ne ya taɓa shi, sai a fasa neman jikarsa.

Alhali karkarwar iri-iri ce, ga biyu daga cikinsu. Ta mai ciwon sukari takan zo ne idan ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, sukarin jininsa ya faɗi. Takan zo da gumi da jiri da yunwa, da zarar ya sha ruwan sukari kuma sai ta lafa.

Ɗayar ita ce cutar da wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a 1817, wadda aka tabbatar wa ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. Takan fara daga hannu ɗaya, ta fi tsananta sa'ad da mutum yake zaune, yatsunsa suna motsi sai ka ce mai jan carbi. Sa'an nan taku ya gajarta, jiki ya sandare, murya ta yi ƙasa. Sanadinta mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, abinci ba ya kwantar da ita.

Game da gado kuwa, ciwon sukarin manya yana bin dangi ƙwarai, amma cikin masu cutar Parkinson kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai suke da ɗan'uwa mai ita. Hana yarinya aure saboda hannun kakanta rashin adalci ne.

Duk da haka cututtukan biyu suna da 'yar dangantaka. Wani bincike da aka buga a 2018, kan masu ciwon sukari fiye da miliyan 2 a Ingila, ya nuna haɗarin kamuwarsu da Parkinson ya ɗara na sauran jama'a da kashi 32 cikin 100. Don haka wanda ya kai tsohonsa babban asibitin Sabon Wuse ko na Suleja, ya faɗa wa likita wanda ke da sukari a gidan, da hannun da ya fara rawa, da lokacin da ya fara. Akwai magani mai suna levodopa da ke sassauta cutar shekaru da dama, ko da yake ba ya warkar da ita.