Marubuci da Kundinsa

  

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako shi ne wani almajirinmu da ya zo mana idanunsa cike da ƙwalla. Shekara 3 yana tara bayanai a cikin wayar hannu don littafin da yake nufin wallafawa a kan hukunce-hukuncen gado, sai aka zare wayar daga aljihunsa a tashar mota. Muka tambaye shi, "Malam, ina kundinka?" Ya sunkuyar da kai, ya ce bai taɓa yin kundi ba.

Yau in an ce kundi, sai zukatan jama'a su tafi ga laƙani da hatimi. To, a wurin ma'abota ilmi, kundi shi ne takardun da malami ke ɗaure abin da ya ji, da abin da ya karanta, da abin da ya faɗo masa a rai, ya sa a gafaka. Wannan al'ada kuwa daɗaɗɗiya ce. Sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya kasance yana rubuta abin da ya ji daga Manzon Allah (S.A.W.) a cikin takardunsa da ake kira Assadiƙa, har Abu Huraira ya shaida cewa shi Abdullahi yana rubutawa, shi kuwa ba ya rubutawa. Almajirin Abu Huraira, Hammamu ɗan Munabbihi mutumin Yaman, ya rubuta hadisai 138 daga malaminsa. A 1953 Dokta Muhammad Hamidullah ya buga su daga kofe biyu da ya samu a Dimashƙa da Balin, aka kuwa tarar sun dace da abin da ke cikin Musnadin Imamu Ahmad.

Kundi ba don naƙali kaɗai ake yinsa ba. Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza wanda ya rasu a 597 Hijira, ya lura cewa tunani mai kyau yakan gifta masa ya wuce, in ya neme shi daga baya ya rasa. Sai ya riƙa rubuta kowane ɗaya da zarar ya zo, har suka zama littafinsa Saidul Khaɗir, wato farautar abin da ke ɗarsuwa a zuci. A ƙasarmu kuma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a 1813 cikin Tazyinul Waraƙat, yana bayyana dalilin yin kowace ɗaya. Da bai adana su ba, da wani babban yanki na tarihin jihadi ya ɓace mana.

Wani zai ce ai kwamfuta ta fi sauri. Gaskiya ne, mu ma muna amfani da ita. Amma mun jarraba mun gani, abin da aka kwafo aka liƙa cikin ƙiftawar ido ba ya biyowa ta zuciya. Alƙalami kuwa, saboda nawarsa, yana tilasta wa mutum ya zaɓi abin da ya cancanci tawada, ya taƙaita, ya fahimta kafin ya rubuta. Sa'an nan kalmar da ka soke tana nan ana ganinta, in ka dawo bayan shekaru sai ka ga inda ka yi kuskure da yadda ka gyaru. Na'ura tana share kuskure har da sawunsa.

Ga ladubban da muka koya daga malamanmu. Na farko, a sa kwanan wata a kan kowane bayani. Na biyu, a rubuta sunan littafi da juzu'i da shafi, ko sunan wanda aka ji daga bakinsa, domin jingina magana ga mai ita amana ce. Na uku, a raba maganar wani da taka. Magabata sukan sa alamar "intaha" inda naƙali ya ƙare, don kada marubuci ya ci haƙƙin wani bisa mantuwa. Na huɗu, a bar fili a gefen shafi don gyara da ƙari. Na biyar, a tsare kundi daga gara da laima, a kuma ɗauki hoton shafukansa a ajiye a wani wuri dabam, gama takarda ma tana da nata maƙiya.

Shi dai almajirin namu mun ba shi littafin rubutu mai shafi 80 da biro, muka ce ya fara daga babin magada. Jiya ya nuna mana shafi 11 da ya cika, kowace mas'ala da madogararta a gefe. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya sanya albarka a alƙalumanmu, Ya sa abin da muka rubuta ya zama hujja gare mu, ba a kanmu ba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.