Bayan rufewar ƙofofin tallafin Faransa, wa zai biya kuɗin fim da waƙa a Nijar?

A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, wato OIF. An yi ta muhawara a kan matakin ta fuskar siyasa, amma a wurin masu shirya fina-finai labarin yana da wani nauyi na daban, domin ƙungiyar tana da asusun da ya daɗe yana tallafa wa fina-finan ƙasashen Afirka da ke cikinta. Kafin nan Faransa ta dakatar da tallafinta kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, sannan cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta daina zama ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu, aka sauya mata suna zuwa Moustapha Alassane a watan Oktoban 2024. Ko mutum ya yi murna da wannan rabuwa ko bai yi ba, akwai lissafin da ya rage a ƙasa: kyamara tana son haya, ɗakin ɗaukar waƙa yana son kuɗi, ƴan wasa suna son abinci da kuɗin mota.

Amsar da ake yawan ji daga bakin matasa ita ce a tara kuɗi ta intanet. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Mai aiki zai bayyana abin da yake son yi, ya faɗi adadin kuɗin da yake nema da ranar da zai rufe karɓa, jama'a su zuba gwargwadon hali, kowa a yi masa alkawarin wani abu idan aikin ya fito. Shafin da ya fi suna a wannan fanni shi ne Kickstarter, wanda aka buɗe a Amurka a 2009. A Faransa akwai Ulule da aka kafa a 2010. Ƙa'idar Kickstarter mai tsauri ce: idan wa'adi ya cika ba a kai adadin ba, ba a cire wa kowa ko dala, mai aikin kuma ba ya samun komai. Idan an kai, shafin yana ɗaukar kashi 5 cikin 100, ban da kuɗin kamfanin da ke sarrafa katin banki. Ayyukan da ke cin nasara a shafin ba su kai rabi ba.

Nijar ta taɓa cin moriyar wannan hanya. Fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas cikin harshen Tamashek ya kuma fito a 2015, ta Kickstarter aka tara masa kuɗi. Tauraronsa Mdou Moctar ne, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga salula zuwa salula kafin duniya ta san shi. Sai dai wanda ya buɗe shafin neman kuɗin ba ɗan Agadas ba ne. Christopher Kirkley ne, Ba'amurke mai kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds, wanda kuma shi ya ba da umarnin fim ɗin. Haka ya sake faruwa a 2023, lokacin da juyin mulki ya rutsa da Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komowa gida. Ta GoFundMe aka tara musu kuɗin zama, kuma hakan ya yiwu ne saboda suna da mutane a can masu asusun banki.

Nan ne gizo ke saƙa. Kickstarter yana bai wa mazauna wasu ƙasashe ƙalilan ne kawai damar buɗe neman kuɗi, Nijar ba ta cikinsu. GoFundMe ma haka. Matashin da ke Damagaram da labarin fim a hannu, komai kyan labarin, ba zai iya buɗe shafi da sunansa ba sai ya samu wani a Faransa ko Baljiyam ko Amurka ya tsaya masa, kuɗin su shiga asusun wancan, sannan a turo. Wannan yana buƙatar amana mai yawa, kuma harajin kuɗin a wuyan wanda ya ba da aron asusun yake.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan zurfi, ita ce waɗanda ke zuba kuɗi a waɗannan shafuka. Mafi yawansu Turawa ne da Amurkawa masu katin banki, kuma abin da suka sani suke saye. Gitar Abzinawa tana da kasuwa a wurinsu tun zamanin da Tinariwen da Bombino suka buɗe hanya. Wasan kwaikwayo na Hausa irin wanda Yazi Dogo ya yi suna da shi, ko fim mai dogon zango kan rayuwar ƴan kabu-kabu a Maraɗi, ko kundin wasu ƴan rap na unguwa, da wuya su motsa zuciyar mutumin Berlin ya ciro kati. Ba laifinsa ba ne, ba don shi aka yi ba. Abin da hakan ke nufi shi ne aikin da aka yi da Hausa domin masu jin Hausa, su ne za su biya shi, in dai za a biya.

To, suna biya? A 2020 mawaƙin siyasa na Najeriya Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai sake yi wa shugaba Buhari waƙa ba sai talakawa sun tura masa naira dubu ɗai-ɗai. Ya ba da lambar asusu, mutane suka yi ta turawa. Babu wani shafi na musamman, sanarwa ce kawai da lambar banki. Daga baya an yi ta cece-kuce kan nawa aka tara da kuma yaushe waƙar za ta fito. Labarin ya nuna fuska biyu na lamarin a ƙasar Hausa: jama'a suna iya buɗe aljihu saboda waƙa, amma babu wanda ke ganin lissafin sai mai asusun.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu mutane su haɗa hannu su ɗauki nauyin abu. Gayya, adashi, gudummawar biki, liƙin da ake yi wa makaɗi a fili, duk dangin juna ne. Hanyar tura kuɗi ma ba ita ce cikas ba. Nita da Amana da Al Izza sun kai lungunan da banki bai taɓa zuwa ba, manhajar MyNita tana cikin wayoyin matasa, ga Airtel Money da Moov Money. Ɗan cirani a Kwatano ko Lome ko Abijan yana iya tura jika biyu gida ta isa cikin mintuna. Kullum ana ganin neman taimako a WhatsApp da Facebook domin mara lafiya ko ginin masallaci, kuma ana samu.

Abin da Kickstarter ya fi mu da shi tsari ne. Kowa yana ganin nawa aka nema, nawa aka samu zuwa wannan sa'a, mutum nawa suka bayar, kwana nawa suka rage. Wanda ya bayar ya san idan ba a kai ba kuɗinsa na nan. A tsarin lambar waya da ake rarrabawa a rukunin WhatsApp, idan aka nemi miliyan 5 aka samu miliyan 1, wannan miliyan ɗin ba ya isa fim, ba ya kuma komawa hannun masu shi. Sai ya narke. Mai aikin ba lalle ne ɓarawo ba, wataƙila ya fara ɗauka kuɗin suka ƙare a rana ta huɗu. Amma wanda ya tura daga Libiya bayan ya yini yana ɗaukar siminti ba zai sake turawa ba, kuma zai gaya wa ƴan ɗakinsu.

A yi lissafi na misali. Fim ɗin da zai ci miliyan 5 na sefa yana buƙatar mutum 1,000 su ba da jika biyar-biyar. A cikin gida, inda jika biyar cefanen kwanaki ne a gidaje da yawa, tara mutum dubu aiki ne ja. Amma tunda yuro ɗaya yana daidai da sefa 656, mutum 150 a Turai da za su ba da yuro 50 kowanne sun kusa haɗa kuɗin gaba ɗaya. Shi ya sa ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje, daga Brussels zuwa Greensboro, suke da muhimmanci fiye da kowane shafi. Suna da asusu, suna da ma'aji, sun saba tara kuɗin jana'iza da na ambaliya suna kuma ba da rahoto a taro. Abin da ba su saba ba shi ne ɗaukar fim ko littafi a matsayin abin da ya cancanci a yi masa karo-karo.

Sai batun tukuici. A Turai ana yi wa mai bayarwa alkawarin faifai ko littafi kafin kowa. A nan, waƙa tana fita da safe, kafin azahar masu tura waƙoƙi a bakin tasha sun zuba ta a katin waya, saboda haka alkawarin kwafi ba ya jan kowa. Abin da ke da daraja a wurinmu shi ne ambato: sunan mutum a ƙarshen fim, kujerar gaba ranar nunawa, gaisuwa a cikin waƙa. Yana aiki, amma yana da haɗari. Idan wanda ya ba da jika ɗari yana jiran a kira sunansa da na mahaifinsa a baiti na biyu, an koma roƙo ke nan, an dai sauya masa riga. Amfanin tara kuɗi daga mutane da yawa shi ne kada mutum ɗaya, ɗan siyasa ne ko Alhajin kasuwa ko wata ƙungiyar waje, ya mallaki bakin mawaƙi. Aicha Macky ta iya nuna rayuwar ƴan palais na Kara-Kara a fim ɗinta Zinder na 2021 da kuɗin haɗin gwiwa daga waje. Mai son yin irin wannan aiki yau dole ya tambayi kansa wa zai biya, kuma me mai biyan zai hana shi faɗa.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun yi doka kan tara kuɗi daga jama'a ta intanet: Tunisiya a 2020, Maroko a 2021. A Nijar akwai hukumomin da lamarin ya shafa, kamar APEIC mai kula da bunƙasa masana'antun al'adu da BNDA mai kare haƙƙin mallaka, kuma wani zai iya cewa su riƙe asusun su zama shaida. Ta fuskar amana shawarar tana da ma'ana. Sai dai duk hukumar da ke riƙe asusu ita ce za ta zaɓi aikin da za a buɗe wa neman kuɗi, kuma a yanayin da ake ciki ba kowane labari ne ma'aikacin gwamnati zai sa wa hannu ba. Mafita mafi kusa ita ce masu aikin su nemi wani na uku da jama'a suka yarda da shi, ƙungiyar ƴan gari ko ta masu sana'ar, ya riƙe lambar da ake turawa, ya wallafa jimillar kowane mako, ya kuma mayar wa kowa kuɗinsa idan wa'adi ya cika ba a kai ba. Kuɗin mayarwa ta Nita ko Amana ba kyauta ba ne, saboda haka tun ranar farko ya kamata a faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa.