LAFIYA UWAR JIKI: Allurar Rage Ƙiba Da Abin Da Ke Biyo Bayanta

Tun shekarar 2021, lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Wegovy domin rage ƙiba, masu fama da teɓa suka ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ke yin ta, sau ɗaya kuma ake yin allurar a mako. Aikinta shi ne kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Da haka sha'awar abinci take raguwa.

Lalle kam tana aiki. A wani gwaji na mutum 1,961, waɗanda aka yi wa ita tsawon mako 68 sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Amma fa da sauran rina a kaba. Da aka bi sawun waɗansu daga cikinsu shekara guda bayan sun daina, rahoton da ya fito a 2022 ya nuna kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya komo. Watau dai tamkar maganin hawan jini take: ranar da aka ajiye ta, ranar ce yunwa za ta fara dawowa. Ga tsada, ga tashin zuciya da amai da takan sa wa waɗansu.

To, ina batun gyaran ci da motsa jiki? A 2002 wani bincike a Amurka ya nuna masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari da suka rage abinci, suka riƙa tafiya ta minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Na masu shan ƙwayar metformin kuwa da kashi 31 ya ragu. Gaskiya ne ƙibar da ake ragewa ta wannan hanya ba ta kai ta allura ba, kuma sai da naci take ɗorewa.

Saboda haka wanda ƙiba ta haɗe masa da ciwon sukari ko na zuciya, likita kuma ya rubuta masa allurar, ya fara lissafin aljihunsa na shekaru kafin ya miƙa hannu. Sa'an nan ya rage malmalar tuwo da lemon kwalba, ya saba da tafiyar ƙasa tun allurar tana danne masa yunwa, domin abin da zai rage masa ke nan ranar da ta gagara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.