Wai Garantin Laftof Ɗinmu Me Yake Rufewa Ne?

Jama'a ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya ci ni.

Wata bakwai da suka wuce na sayi laftof sabuwa fil a kwali, da bashin kofaretif na ofis wanda har yau ake yanka daga albashina. Mai shago ya ce garantin shekara ɗaya ne, ya buga hatimi a rasit. Makon jiya na buɗe ta zan haɗa rahoton kwata, sai na ji ƙas. Robar kusurwar hagu, daidai inda murfi yake haɗuwa da jiki, ta tsage. Wallahi ba ta taɓa faɗuwa ba. Daga tebur sai jaka, yarana ma sun san ba a taɓa ta.

Na mayar. Yaron shago ko juya ta bai yi ba ya ce, "Yallaɓai, wannan ai fashewa ce, garanti ba ya ɗaukar fashewa." Suka tura ni wakilin kamfani. Can kuma aka duba lambar jikinta aka ce an yi ta ne don kasuwar wata ƙasa, kuma garantinta ya fara ƙirge tun kafin ta shigo hannuna.

To bari in faɗi abin da wani mai gyara ya nuna min da idona, don shi ne tushen maganar. Hinjis ɗin ƙarfe ne, amma sukurorinsa suna shiga wasu 'yan ƙananan gidajen tagulla da aka dasa a cikin roba. Duk buɗewa da rufewa, ƙarfen yana jan robar. Iskar zafin da fanka ke fitarwa a gefen nan take bi, tana gasa robar a hankali. Ƙurar hunturu ta shiga hinjis ya yi tauri. Wata rana robar ta gaji ta saki. Ina laifin mai saye a nan? An yi murfi don a buɗe shi, na buɗe shi. In kafinta ya yi maka ƙofa ta ɓalle a wata bakwai, ba zai ce maka ka cika shiga ɗaki ba.

Kuma ba sabon abu ba ne. Fararen MacBook na roba da Apple ya fara fitarwa a 2006 sun yi ta tsagewa a gefen da ake ɗora hannu. Mutane suka tara hotuna suka yi ta surutu, kamfanin ya riƙa canza musu robar kyauta. Ba tausayi ba ne ya sa, matsin lamba ne.

Nan fa nake da magana da mu kanmu. Muna da doka, ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta ce kayan da aka sayar maka dole ya kasance mai inganci, kuma in ya gaza cikin wata uku kana da damar mayarwa a gyara, a canza ko a ba ka kuɗinka. Rubutun "ba a dawo da kaya" a ƙasan rasit ba ya soke wannan. Amma mu nawa ne muka taɓa kai ƙorafi? Sai mu ce "Allah ya isa", mu sayi sufa gulu. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, laftof albashin watanni ce.

Na san wani zai ce 'yan kasuwa ma dala ta matse su. Gaskiya ne, ban ce su yi asara ba. Su dai faɗa mana tun farko cewa wannan kayan ba shi da garantin kamfani a Najeriya, mutum ya saya da saninsa. Buga hatimin shekara ɗaya a kan abin da ka san ba za ka tsaya masa ba, yaudara ce.

Ni wata ukun nan ya wuce ni, amma shekarar da suka rubuta da hannunsu ba ta wuce ba. Na hana mai gyara sa gam, don kada su samu hujja. Na ɗauki hotuna, na rubuta wa shagon takarda na karɓi kwafi mai sa hannu. In kwana 14 suka cika ban ji komai ba, FCCPC zan nufa. Duk wanda tasa ta tsage a wannan kusurwa, ya turo min hoto da rasit mu haɗa tare.